Yadda Ake Zaɓen Darussa a Babbar Sakandare da Cika Sharuɗɗan Samun Gurbin Karatu

Yawancin iyaye ba sa waiwayar maganar darussan da 'ya'yansu suke ɗauka sai yaro ya kai aji shida na sakandare, lokacin da makaranta ta aiko da takardar neman kuɗin rajistar WAEC ko NECO. A wannan lokaci kuwa an riga an makara, domin zaɓin da zai buɗe wa ɗalibi ƙofar wani kwas ko ya rufe masa ita ana yin sa ne a makonnin farko na aji huɗu, bayan ya gama ƙaramar sakandare ya ci jarrabawar BECE, sa'ad da ake raba ɗalibai zuwa sashen kimiyya, da na adabi da zamantakewa, da na kasuwanci, da kuma na fasaha a makarantun da suke da shi.

Matakin farko shi ne a fara daga ƙarshe. Kafin a tambayi yaro ajin da yake so, a tambaye shi aikin da yake fatan yi, sannan a nemi kwas biyu ko uku na jami'a, ko na kwalejin kimiyya da fasaha, ko na kwalejin ilimi, waɗanda suke kaiwa ga wannan aiki. Daga nan sai a buɗe kundin bayanan kwasa-kwasai na JAMB, hukumar da take shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wanda yake a shafinta na intanet kuma kowa yana iya duba shi kyauta, a karanta abin da aka rubuta a gaban kowane kwas. Kundin yana nuna abu uku: darussan da ake bukatar kiredit a cikinsu a jarrabawar kammala sakandare, da darussa huɗun da za a rubuta a jarrabawar JAMB, da kuma sharuɗɗa na musamman da wasu jami'o'i suka ƙara ko suka sassauta. Wannan kashi na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, alhali a nan ne ake ganin cewa abin da Jami'ar Bayero ta karɓa a wani kwas ba lallai ne Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Usmanu Ɗanfodiyo su karɓe shi ba.

Ƙa'idar shiga jami'a da kowa ya sani ita ce kiredit biyar a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Sakamako yana fitowa ne daga A1 zuwa F9: A1 da B2 da B3 da C4 da C5 da C6 duk kiredit ne, D7 da E8 tsallakewa ce kawai wadda ba a lissafa ta a matsayin kiredit, F9 kuwa faɗuwa ce. Abin da ba kowa ya fahimta ba shi ne, ba yawan kiredit ake dubawa ba, ana duba waɗanne darussa ne aka samu kiredit ɗin a cikinsu. Ɗalibin da ya samu kiredit takwas amma ya samu D7 a Kimistiri ba zai shiga sashen harhaɗa magunguna ba, yayin da abokinsa mai kiredit biyar cif, waɗanda suka faɗa a kan darussan da ake nema, ya cika sharaɗi.

Wanda yake son likitanci, ko likitancin haƙori, ko harhaɗa magunguna, ko aikin jinya, yana bukatar kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, kuma a JAMB zai rubuta Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji. Jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a likitanci, don haka wanda ya sa wannan a gaba ya ɗauka tun farko cewa dama ɗaya gare shi ta haɗa biyar ɗin a takarda guda. Injiniyanci yana neman Lissafi da Fiziks da Kimistiri tare da Turanci, kuma ko da yake Babban Lissafi, wato Further Maths, ba sharaɗi ba ne a mafi yawan wurare, ɗalibin da ya yi shi a sakandare yana samun sauƙi sosai a shekararsa ta farko a jami'a. Kimiyyar kwamfuta tana tare da Lissafi da Fiziks, abin da yake ba wa yara da yawa mamaki, domin suna zaton iya sarrafa kwamfuta ko waya ya wadatar. Aikin gona kuwa ba ya yiwuwa sai da Kimistiri, tare da Bayoloji ko darasin Aikin Gona.

A sashen adabi, babban tarkon shi ne Adabin Turanci. Yara da yawa suna guje masa saboda yawan littattafan da ake karantawa, wasu makarantun ma ba su da malaminsa, sai a cike gurbinsa da wani darasi mai sauƙi. Bayan shekara uku yaro ya ce lauya yake son zama, sai a tarar cewa mafi yawan jami'o'i suna neman kiredit a Adabin Turanci kafin su ba da gurbi a fannin shari'a, haka ma a digirin Turanci, wasu kuma har da aikin jarida. Wanda yake da niyyar karanta shari'ar Musulunci, ko wadda aka haɗa ta da dokokin ƙasa kamar yadda ake yi a jami'o'in Arewa, ya riƙe Larabci ko Ilimin Addinin Musulunci da kyau. Kada kuma a raina darasin Hausa: kiredit ne cikakke, yana cikin darussan da ake rubutawa a JAMB, kuma shi ne mashigar digirin Hausa da na koyarwa. Ra'ayina shi ne, duk ɗalibin adabi da makarantarsa take koyar da Adabin Turanci ya ɗauke shi ko da bai yanke shawarar abin da zai zama ba, domin babu wani darasi a wannan sashe da rashinsa yake rufe ƙofofi kamarsa.

Masu son kasuwanci, da aikin akanta, da harkar banki, da tattalin arziki, su sani cewa Lissafi da darasin Tattalin Arziki su ne ginshiƙinsu, sai a ƙara da darasin Kasuwanci ko Lissafin Kuɗi ko Gwamnati.

Game da Lissafi akwai abin da ya kamata a fayyace. A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da cewa kiredit a Lissafi ba zai ci gaba da zama sharaɗin samun gurbi ga masu neman kwasa-kwasan adabi ba, daga baya kuma ta yi ƙarin bayani cewa wajibi ne kowane ɗalibi ya yi rajistarsa ya rubuta shi. Bai kamata ɗalibin adabi ya ɗauki wannan a matsayin izinin yin watsi da darasin ba, saboda wanda ya canza ra'ayi zuwa kimiyyar zamantakewa ko harkar gudanarwa zai sake cin karo da shi, kuma masu ɗaukar aiki da dama suna duba Turanci da Lissafi a takardar sakandare ko da mutum yana riƙe da digiri.

Mataki na biyu shi ne a auna ƙarfin ɗalibin da gaskiya. A gidaje da yawa an ɗauka cewa ajin kimiyya na masu ƙwazo ne, sauran kuma na waɗanda suka rage, shi ya sa ake tura yaro can ko da sakamakonsa na ƙaramar sakandare ya nuna cewa yana fama da Lissafi da Kimiyya. Irin wannan yaro yakan ƙare da D7 a Fiziks da Kimistiri, kuma ba shi da darussan adabin da zai koma musu, sai ya zama bai samu nan ba bai samu can ba. A duba katin sakamakonsa na shekara uku, a zauna da malamin ajinsa da malamin Lissafi, a kuma saurari yaron da kansa ba tare da an tsorata shi ba. A lura kuma cewa hanya ba ɗaya take ba ta kowane ɓangare: ɗalibin kimiyya da ya haɗa da Tattalin Arziki ko Labarin Ƙasa yana iya juyawa zuwa wasu kwasa-kwasan zamantakewa, amma ɗalibin adabi ba shi da hanyar shiga likitanci ko injiniyanci sai ya koma ya koyi darussan kimiyya daga tushe.

Sai kuma a auna makarantar. Fiziks da Kimistiri da Bayoloji suna da jarrabawar gwaji a aikace, kuma ɗalibin da bai taɓa riƙe kayan awo a ɗakin gwaje-gwaje ba sai ranar jarrabawa yana asarar maki mai yawa. Kafin a bar yaro a ajin kimiyya, uba ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin gwaje-gwajen, ya tambaya ko kowane darasi yana da malaminsa na dindindin. A Jihar Kano akwai makarantun kimiyya na musamman, irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu waɗanda aka kafa a 1977, kuma ana shigarsu ne ta hanyar jarrabawa bayan ƙaramar sakandare, don haka mai sha'awa ya fara shiri tun yana aji uku.

Adadin darussan da ake rajista takwas ne ko tara. A cikinsu akwai na dole, waɗanda Turanci da Lissafi suke kan gaba, akwai darasin sana'a guda ɗaya, sauran kuma daga sashen da ɗalibi ya zaɓa. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta fito da sabuwar manhaja wadda ta sake fasalin darussan dole, ta kuma rage darussan sana'a daga fiye da talatin zuwa shida, waɗanda suka haɗa da haɗa wutar sola, da ɗinki, da kiwon dabbobi, da gyaran kwamfuta da waya. Saboda wannan sauyi, kada a dogara da jerin darussan da yayan ɗalibi ya yi shekarun baya. A nemi jerin da ya shafi ajin yaron daga wurin malamin da yake kula da jarrabawa a makarantar, a rubuce. Bayan an ware na dole da biyar ɗin da kwas yake nema, yawanci gurbi ɗaya ko biyu ne suke saura, kuma hikima ita ce a cike su da darussan da za su buɗe wani kwas na biyu, ba waɗanda ake ganin sun fi sauƙin ci ba.

Da zarar an zaɓa, a daure a kai. Makaranta tana aika wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen ɗalibi na aji huɗu da biyar da shida, don haka canza darasi ko canza makaranta a ƙurarren lokaci yana iya barin ɗalibi babu maki a darasin da ya koma. Idan canji ya zama dole, a yi shi cikin zangon farko ko na biyu na aji huɗu. A jihohi irin su Kano, ɗaliban makarantun gwamnati suna rubuta jarrabawar tantancewa a aji biyar, wadda da ita ake fitar da waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe, kuma wannan wani dalili ne na kada a ɓata shekarar farko ana kai-komo tsakanin azuzuwa.

Hukumomin da suke ba da takardar shaida huɗu ne. WAEC, wadda aka kafa a 1952, ta haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, kuma ita aka fi sani a ƙasashen waje. NECO ta Nijeriya ce, an kafa ta a 1999, hedikwatarta tana Minna. NABTEB tana kula da makarantun fasaha da kasuwanci, NBAIS kuma da makarantun Larabci da addinin Musulunci. Wanda yake da hali ya rubuta biyu daga cikinsu a shekara ɗaya, domin ana iya haɗa sakamakon WAEC da na NECO su zama zama biyu a kwasa-kwasan da suka yarda da haka. Wanda ya rasa kiredit a darasi ɗaya ba sai ya maimaita aji ba, yana iya rubuta jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, ko ya shiga makarantar share fage irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da take Funtuwa.

Lokacin rajista kuwa, a tsaya a kan suna da ranar haihuwa. Wannan matsala ta fi damun mutanenmu, domin yaro ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a lambar NIN, Muhammadu a rajistar makaranta, wani wurin an sa sunan mahaifi a ƙarshe, wani wurin sunan gari. Tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da lambar NIN, kuma duk saɓanin da aka samu tsakaninta da takardar sakandare yana iya tsayar da ɗalibi a wurin tantancewa bayan ya riga ya samu gurbi. A daidaita rubutun sunan da tsarinsa tun a aji huɗu, kuma idan makaranta ta fito da takardar tabbatar da rajista, ɗalibi ya karanta sunansa harafi bayan harafi, ya duba hotonsa, ya ƙirga darussansa kafin ya sa hannu. Gyara bayan an buga takardar shaida yana cin kuɗi da watanni.

A jarrabawar JAMB, wadda jimillar makinta 400 ne, Turanci dole ne, sauran ukun kuma tilas su dace da kwas ɗin da aka cike, domin maki mai yawa a haɗin darussan da bai dace ba ba ya samar da gurbi. Mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a a yanzu 16 ne. Wanda ya yi rajistar JAMB kafin sakamakonsa na sakandare ya fito, da zarar ya fito sai ya je cibiyar da hukumar ta amince da ita a ɗora masa shi a shafinsa, domin jami'a ba za ta iya tura sunansa ba matuƙar shafin bai nuna kiredit biyar ɗin ba.