Yadda za ka ci moriyar gasar kamfanonin waya

Shekara da shekaru ina riƙe da layi biyu a waya ɗaya, ba don sha'awar tara lambobi ba. Na lura ne cewa kamfanin waya ba ya sassauta maka sai ya ga ƙafarka ɗaya tana waje.

Fara da duba halin da kasuwar ƙasarka take ciki. In sabon kamfani ya shigo, kakarka ta yanke saƙa. Da Jio ya shiga kasuwar Indiya a watan Satumban 2016, kira kyauta ya bayar, data ma kyauta har tsawon watanni, dole tsofaffin suka karya farashi. Faransa ta ga irin haka a 2012 da zuwan Free Mobile, na huɗu a fagen. Sai dai ka dubi abin da ya biyo baya a Indiya: ƙanana suka tattara komatsansu, Vodafone da Idea suka haɗe a 2018, kafin ƙarshen 2019 kuma manyan ukun da suka rage duk sun ƙara kuɗi kusan lokaci guda. Garaɓasar sabon shiga tana da wa'adi. Ka kwashi rabonka, amma kada ka jefar da tsohon layinka saboda ita.

Alƙaluman da ake tallatawa na miliyoyin masu amfani kuwa, kada su ruɗe ka. Layuka ake ƙirgawa, ba mutane ba, ni kaɗai an ƙirga ni sau biyu.

Abin da ya fi komai shi ne gwaji a inda kake kwana da inda kake aiki. A nan na taɓa ƙonewa. Na ga taswirar wani kamfani ta shafe unguwarmu kaf da launin 5G, na sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ina murna. A tsakar gida kamar walƙiya, da na shiga ɗaki sai sanda ɗaya, hoto ma sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Ƙarshenta a kan taga rautar ta tare, na tokare ta da littafi. Daga baya na gane dalili: yawancin 5G a kan zangon rediyo da ke kusa da megahaz 3,500 yake tafiya, yana da gudu amma bango yana karya shi, ba kamar na 700 ko 800 ba, wanda yake nisa kuma ya ratsa gini. Taswira ba ta san kaurin bangonka ba.

Saboda haka ka ari layin wani, ko ka sayi mafi ƙanƙantar data, ka gwada kwana uku da manhajar auna gudun intanet irin Speedtest. Gwada da safe, gwada da rana, amma na tsakanin ƙarfe takwas zuwa goma na dare shi ne alƙali, lokacin kowa ya hau turken sabis ɗaya ana rabo. Ka kuma yi kiran bidiyo na minti goma, don wani layin sakamakonsa a gwaji yana da kyau amma murya sai ta riƙa yankewa.

Wajen farashi, raba kuɗin da yawan gigar da za ka iya ƙararwa da gaske kafin wa'adi ya cika. Cire datar dare in kai mai barci da wuri ne. Tsarin datar da aka ce ba shi da iyaka, nemi ƙananan rubutun, galibi akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu.

In ka yanke shawarar ƙaura, ƙasashe da yawa sun ba da damar tafiya da lambarka: Birtaniya tun 1999, Ghana da Kenya 2011, Najeriya 2013. A yawancin ƙasashe sabon kamfanin ne yake karɓar buƙatar, ba tsohon ba, amma a Birtaniya sai ka fara karɓo lambar izinin ƙaura daga tsohon. Kada ka rufe tsohon layi da kanka, lambar za ta iya salwanta. Ƙarar da katinka da datarka tukuna, don ba sa bin ka. Biya bashin da ake bin ka, tabbatar sunan rajista ya dace da katin shaidarka, sannan ka tambayi tsawon lokacin da za ka jira kafin a bar ka ka sake ƙaura. Ranar sauyin sabis zai iya ɗaukewa na ɗan lokaci, don haka kada ka sa ta ranar da kake jiran saƙon lambar sirri daga banki.