Yadda za ka ci abinci marar gulutin a jirgin ruwan yawon shaƙatawa

Toh, ga masu cutar siliyak, wato waɗanda gulutin ke lahanta musu hanji, ko waɗanda likita ya ce su bar alkama, kuma suna son shiga irin manyan jiragen ruwan nan na hutu, su MSC da Royal Caribbean da Costa masu tashi daga Basalona ko Dubai, abin yana yiwuwa wallahi, sai dai fa dole bakinka ya buɗe. Mai kunya shi ke kwana da ciwon ciki a tsakiyar teku.

Ka fara sanin me kake gudu. Gulutin wani sinadarin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake ce wa rai. Kenan burodi, taliya, kuskus, kek, biskit, fiza, duk an rufe babinsu sai in an yi su da gari na musamman. Shinkafa, masara, dankali, gero, dawa, wake, ƙwai, nama da kifin da ba a turbuɗa a fulawa ba, waɗannan lafiya lau. Semo kuma alkama ce tsagwaronta, mutane da yawa basu san haka ba.

Tun ranar da ka biya kuɗin tafiya ka sanar da su. Akwai wurin cike buƙatun abinci a shafin kamfanin ko a manhajarsu, in ta hannun ejan tafiye-tafiye ka bi to ka matsa masa ya rubuta kuma ya turo maka shaida ta imel, kar ka yarda da "an gama Alhaji" a baki kawai. Wasu kamfanonin suna so a faɗa musu da makonni kafin tashi saboda kayan da za su loda a sito, jirgi in ya bar tasha ba kasuwa a gaba. In kana son halal ma ka haɗa su a saƙo ɗaya, amma ka rubuta su daban daban don kar wani ya ɗauka abu guda ne.

Yanzu ga inda maganar take. Ranar farko da ka shiga, kafin ma ka tsaya ɗaukar hoto a saman jirgi, nemi babban ɗakin cin abinci ka ce kana son ganin shugaban wetoci, wato masu kawo abinci tebur. Ka gaya masa lalura ce ta lafiya, ba gayu ba ne ko rage ƙiba, domin yadda kicin ke ɗaukar biyun ba ɗaya ba. Abin da aka saba yi shi ne kowane dare bayan ka gama cin abinci sai su kawo maka menu na gobe, ka zauna da biro ka zaɓi abin da kake so, su kai wa shef, wato babban kuku, ya dafa naka shi kaɗai a tukunya mai tsabta. Sai ka ga an kawo maka burodinka a ɗan faranti daban, wani lokaci ma a naɗe a leda da ɗuminsa, ɗan ƙarami mai saurin marmashewa, ba zan ce ya kai na gida daɗi ba amma da bota yana shiga. Ni a ganina ka zaɓi tsarin da ake ba ka tebur ɗaya da lokaci ɗaya kullum, weta ɗaya zai riƙa kula da kai, zuwa dare na biyu ya haddace ka ba sai ka sake dogon bayani ba. In za ka ci karin kumallo ko abincin rana a can ma ka yi odarsu tun daren.

Bufe kuwa, wato inda kowa ke ɗiban abinci da kansa, nan ne tarkon. Abinci ga shi nan jere kamar walimar biki, ido ya ruɗe, amma ka tsaya minti biyu ka kalli mutane, wani zai ɗauki cokalin taliya ya tsoma a shinkafa, yaro ya riƙe burodi yana leƙa kwanon salak burbushi na zuba. Ƙa'idar da Turai da Amurka ke bi kafin a rubuta wa abu marar gulutin ita ce kar ya wuce kashi 20 cikin miliyan, ka ga kenan ɗan burbushi ma ya isa ya ɓata lissafi. In dole sai bufen, je da wuri ana buɗewa, ka nemi shef mai kula da wurin ya zaga da kai, ko ya ɗebo maka daga ciki wanda ba a taɓa ba. Ayaba, lemu, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, yogot zalla a rufe, waɗannan ba fargaba.

Sai ɓoyayyun. Cips ɗin dankali shi kansa ba komai, amma in a man da aka soya kaza mai fulawa aka soya shi, ya tashi daga naka, don haka tambayi ko kaskon suyarsa daban ne. Miyan Turawa masu kauri yawanci da fulawa ake ɗaure su. Soya sos, wato baƙin romon waken suya, akwai alkama a ciki, wannan ya shafi shinkafar 'yan Cana da sushi, abincin Japanawa. Tosta, na'urar gasa burodi, ta kowa da kowa ce, kar a sa maka burodinka a ciki. Kuma mu da bamu shan giya mun saba cewa a kawo mana malt, to malt daga sha'ir ake yinsa, haka giyar nan da ake cewa ba ta bugarwa, ka tsaya a ruwa da jus da lemon kwalba.

Guzuri ka tafi da shi amma wanda kamfani ya rufe, biskit marar gulutin, gyaɗa, dabino a fakiti. Dambun nama da kilishin da Hajiya ta ƙulle maka a leda ba lallai su tsallake kwastan ba, Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama daga waje. Hita da risho na lantarki ma ana ƙwacewa a ƙofar jirgi, ka manta da zancen dama kunu a ɗaki.

Ranar da jirgi ya tsaya aka fita gari, ka ci ka ƙoshi kafin ka sauka. A Italiya kalmar ita ce senza glutine, a Sifen sin gluten, kuma Italiya ta fi sauƙi duk da ƙasar taliya ce, har a kemis ana sayar da kayan. A fakiti ka duba tambarin zangarniyar alkama da aka ja wa layi. Ka sa a rubuta maka ɗan kati da yaren ƙasar mai bayanin lalurarka ka miƙa wa weta. Maganin da likitanka ya ba ka kuma ya zauna a jakar hannu, don akwai asibiti a jirgin amma ganin likitansu da kuɗi ne mai tsada, shi ya sa inshorar tafiya da ka faɗa musu lalurarka tun farko take da rana.