Ga sabon zuwa Freiburg: keke da hanyoyin Baƙin Daji

Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Idan ka gama da rajistar gida, asusun banki da inshorar lafiya, abu na gaba da zan ce ka nema shi ne keke. A Freiburg keke ba alamar rashi ba ne, farfesa da ɗalibinsa duk shi suke hawa. Kuma garin a gindin Schwarzwald yake, wato Baƙin Daji, wanda ya miƙe wajen kilomita 160 a kudu maso yammacin Jamus. Daga tsakiyar gari, kafin gumi ya keto maka ka shiga cikin itatuwa.

Da yawa cikinmu sukan shekara a nan ba su taɓa leƙa dajin ba, daga ɗaki sai aiki, daga aiki sai ɗaki, sannan a ce ƙasar da kaɗaici. Alhali shiga kyauta ne. Dokar Jamus ta ba kowa izinin shiga daji domin shaƙatawa, ko da dajin mallakar wani ne. Sai dai duk abin da ya same ka a ciki, kai ka ɗauka.

Akwai wata ƙa'ida da ta keɓanta da wannan jiha ta Baden-Württemberg. Tun 1995 aka hana hawa keke a hanyar daji da faɗinta bai kai mita 2 ba, sai inda hukuma ta ba da izini. Abin dariyar shi ne a wannan shekarar ce aka yi gasar duniya ta keken tsauni a Kirchzarten, nan kusa da Freiburg. Mahaya sun daɗe suna ƙorafi a kan dokar, ni ma ban ga hikimarta sosai ba, amma kai baƙo ne, ba kai za ka gyara ta ba. Ka tsaya kan manyan hanyoyin tsakuwa da motocin katako ke bi, ko hanyoyin da aka kafa wa alama mai ruwan ɗorawa da hoton keke. Ƙananan alamun nan masu kusurwa huɗu, ja ko shuɗi, da ake mannawa a jikin itatuwa, na masu tafiyar ƙafa ne. Ƙungiyar Schwarzwaldverein ce ke kula da su, kuma tun 1864 take.

Masu son gangara mai zafi an ware musu nasu. Daga dutsen Rosskopf, inda manyan fankokin nan masu samar da lantarki da iska suke, akwai hanyoyin Borderline da Baden to the Bone. Daga wajen Kybfelsen akwai Canadian Trail. 'Yan ƙungiyar Mountainbike Freiburg ne ke gyara su da hannunsu, aikin sa kai. Kada ka ga yaro ɗan shekara goma ya wuce ka kamar iska ka ce ai wasa ne, shi a kai ya tashi. Ka fara da faffaɗar hanya ta bakin kogin Dreisam zuwa Kirchzarten, ƙafarka ta saba, sannan ka gwada hawa Rosskopf ta hanyar tsakuwa ka dawo ta inda ka hau. Dutsen Schauinsland mai tsayin mita 1284 da Feldberg mai mita 1493 suna nan, ba inda za su.

Maganar birki ita ce zan ɗan jima a kanta, don nan ake karya ƙashin wuya. Wanda ya saba da babur a gida hannunsa na dama ya san birkin gaba. A yawancin kekunan nan kuwa hagu ne gaba, dama ne baya. Kuma birkin faifai ne, yatsa ɗaya ya ishe shi. Ka damƙe na hagu da dukkan hannunka a kan gangara, tayar gaba ta tsaya cak, kai kuma ka wuce ta saman kan keken. Kafin ka shiga daji, ka sami fili ka yi ta gwadawa har hannu ya haddace. A gangara ka tashi daga sirdi, feda biyu a daidaice, gwiwa da gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ido can gaba ba kan taya ba. Saiwar itace idan ta jiƙe santsi gare ta ƙwarai, kada ka ja birki a kanta. Inda zuciyarka ta ce a'a, sauka ka tura, ba wanda zai kalle ka. Hular kwano doka ba ta tilasta ta ga mai keke ba, amma shiga waɗannan hanyoyi ba ita ganganci ne.

Idan na hannu za ka saya, a shafin saye da sayarwa na Kleinanzeigen ko kasuwar gwanjo, ka nemi rasit ko ku rubuta takardar ciniki da lambar da ke jikin ƙarfen keken. Wanda aka yi wa araha fiye da kima, a bar shi, satar keke ta yi yawa a garin. Ka sayi kwaɗon kulle keke mai ƙarfi. Keken tsauni yawanci ba ya zuwa da fitila ko ƙararrawa, kuma a kan titi idan duhu ya fara dole ne farar fitila gaba, ja baya. Riƙe waya kana tuƙi tarar Yuro 55 ce. Ka yi inshorar da suke kira Haftpflicht, kuɗinta kaɗan ne a wata, ita za ta biya idan ka buge mutum ko ka goge motar wani. Sannan ka koyi canza tayar ciki da kanka, ka riƙa ɗaukar famfo, don babu mai faci a gindin bishiya.

To me ake tsoro a dajin? Ba kura, ba zaki. Aladen daji suna nan, amma da wuya ka gan su da rana. Abin tsoron ƙanƙane ne: kaska. Tana ɗauke da cututtuka biyu, Borreliose da FSME mai taɓa ƙwaƙwalwa, kuma wannan yanki yana cikin inda FSME ta fi yawa a Jamus. Akwai rigakafin FSME, allura uku, inshorar lafiya ke biya, ka tambayi likitanka. Ɗayar ba ta da rigakafi, sai lura. Duk dawowa ka duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunne. Idan ka ganta, ka kama ta dab da fata da ɗan hantsakin da ake sayarwa a kantin magani, ka ja a hankali. Kada ka ɗiga mata mai ko ka sa mata wuta. A baƙar fata, da'irar jan da ke fitowa bayan cizo ba ta cika nunawa ba, don haka zazzaɓi ko ciwon gaɓɓai bayan cizon kaska, sai asibiti, ka kuma faɗa wa likita dalili.

Lambar gaggawa 112 ce. A mararrabar hanyoyi za ka riƙa ganin koren allo mai farin gicciye da lamba, ita za ka karanta musu su san inda kake. Sabis yakan ɗauke a cikin kwari, saboda haka ka sauke taswira a waya tun daga gida, ka kuma gaya wa wani inda ka nufa. Sama ta fi gari sanyi sosai, ka sa rigar ruwa a jaka ko da rana ta take. Inda aka gitta igiya ko allo don ana sare itatuwa, juya kawai. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Oktoba an hana shan taba a daji, gashin nama kuma sai a wuraren da aka gina dominsa.

Masu tafiyar ƙafa su ke da hanya. Ka rage gudu tun daga nesa, ka ce Hallo, idan sun matsa ka ce Danke. Gaisuwa dai ba a koya mana ita. Idan ka ratsa makiyaya ka rufe ƙofa bayanka, kuma siririyar wayar da ta kewaye shanun akwai lantarki a jikinta.

A bukkokin cin abinci na kan dutse ka riƙe tsabar kuɗi, ba duka ke karɓar kati ba. Ka kuma yi tambaya kafin ka ci: Schwarzwälder Schinken naman alade ne, shahararren kek ɗin nan Kirschtorte kuma da barasa ake haɗa shi. Burodi da cuku sun wadatar, ko ka taho da dabino da guzurinka, musamman ranar Lahadi da shaguna ke rufe. Rijiyar da aka rubuta wa Kein Trinkwasser ba ta sha ba ce.

Ranar da ba ka jin hawa, ka ɗora keken a jirgin ƙasa zuwa Hinterzarten ko Titisee, ka zagaya can sama. A galibin jiragen yankin keke kyauta ne Asabar da Lahadi, ranakun aiki kuma daga ƙarfe 9 na safe. Sai dai wurin kekuna kan cika da wuri idan gari ya yi kyau, gara ka bi jirgin sassafe.