Yadda Ake Tantance Sinadaran Wiwi: Ƙarfinsu da Matsayinsu a Gaban Doka

Wani dattijo da ke fataucin shanu a Oko-Oba ya shigo shagon maganin da nake aiki a Agege riƙe da 'yar kwalba naɗe cikin hankici, ya ajiye ta a kan kanta ya ce, "Malam, duba mini wannan. Yarona ne ya aiko mini daga Kanada saboda ciwon gwiwa, ya ce ba ya bugarwa." An rubuta CBD da manyan baƙaƙe a jikin kwalbar, ga hoton ganyen wiwi a ƙasan rubutun. Na ce masa, "Baba, tambayoyi biyu ne a nan. Ko yana bugarwa magana ce daban, ko doka ta yarda ka riƙe shi a Legas kuma magana ce daban." Da wannan rabewar ya kamata duk mai son fahimtar lamarin ya fara, domin yawancin mutanenmu da suka shiga matsala a kan irin waɗannan kayayyaki sun ɗauka ne cewa abin da ba ya sa maye ba shi da laifi, ko kuma abin da aka halatta a ƙasar da ya fito ya halatta a ko'ina.

Da farko ka nemi sunan sinadarin da ke cikin abin da ke hannunka, ka ajiye sunan da aka ba shi a kasuwa gefe guda. Tsiron wiwi yana ɗauke da sinadarai na danginsa fiye da 100, amma wanda ke haddasa maye shi ne THC, wanda cikakken sunansa ke ɗauke da lakabin delta-9. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka ware shi a Isra'ila a 1964. Yana aiki ne ta hanyar manne wa wasu wuraren karɓar saƙo a ƙwaƙwalwa da ake kira CB1, daga nan ne ake samun buguwa da jan ido da saurin bugun zuciya da mantuwa, wani lokaci har da tsoro da zargin mutane ba gaira ba dalili. Da shi ake auna duk sauran, saboda haka idan aka ce wani sinadari ya fi ƙarfi ko bai kai ba, da THC ake kwatanta shi.

CBD, wanda Roger Adams ya fara warewa a Amurka a 1940, ba ya sa maye, kuma yana da hujjar magani mai ƙarfi. A watan Yunin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wato tataccen CBD, domin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Ina jaddada cewa wannan amincewa ta tsaya ne a kan cututtuka ƙayyadaddu da awo ƙayyadadde ƙarƙashin kulawar likita, ba ta shafi ciwon gwiwa da rashin barci da hawan jini da masu talla ke jerawa ba. Rashin maye kuma ba ya nufin rashin illa: CBD yana taɓa aikin hanta, yana kuma iya canza yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna, har da wafarin da ake ba masu daskarewar jini da wasu magungunan farfaɗiya. Akwai kuma CBN, wanda ke samuwa idan THC ya tsufa ya lalace, kuma ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai.

Daga nan sai rukunin da ya fi rikita mutane, wato sinadaran da ake sarrafawa a masana'anta. Delta-8 ɗan'uwan THC ne na kusa, yana bugarwa amma bai kai delta-9 ba. A tsiro ɗan kaɗan ne ake samunsa, shi ya sa wanda ake sayarwa kusan duk daga CBD ake juya shi da sinadarai masu tsami, kuma idan ba a tace aikin da kyau ba, ragowar waɗannan abubuwa na biyo shi cikin kwalba. HHC ma haka ake yin sa, kuma a watan Maris na 2025 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta sanya shi cikin jerin abubuwan da ake sa wa ido a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1971 kan miyagun ƙwayoyi. THCP kuwa masu bincike a Italiya ne suka gano shi a 2019, suka ruwaito cewa yana manne wa CB1 da ƙarfin da ya ninka na THC kusan sau 33. A kula, wannan awo ne na ɗakin gwaje-gwaje, ba yana nufin mayensa a jikin mutum ya ninka sau 33 ba, amma ya isa ya nuna cewa wanda ya saba da wiwi ba zai iya dogara da sabonsa ba idan ya gamu da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda matasa ke kira Kolorado ko Kolos. A mafi yawan lokuta wannan ba wiwi ba ne ko kaɗan, busasshen ganye ne kawai da aka fesa wa sinadarin da aka ƙirƙira a ɗakin gwaje-gwaje. Asalin wasu daga cikin irin waɗannan sinadarai binciken kimiyya ne, kamar jerin da John Huffman ya haɗa a wata jami'a a Amurka, kafin masu fataucin ƙwaya su karɓe su. Bambancinsu da THC shi ne, THC yana kunna CB1 ne rabi da rabi, su kuwa suna kunna shi har ƙarshe, shi ya sa suke kawo jijjiga da suma da lalacewar ƙoda da haukan wucin gadi, har da mutuwa. Feshin ma ba ya zama daidai, domin a ƙulli ɗaya wani gefen zai iya zama kusan babu komai, wani gefen kuma ya jiƙe sharkaf. Na taɓa ganin wani matashi mai tura baro a Mile 12 da abokansa suka kinkimo, jikinsa ya sandare, bakinsa na kumfa, idanunsa sun kafe, suna rantsuwa cewa zuƙa biyu kawai ya yi. A Saliyo irin wannan haɗin da suke kira kush, wanda aka samu har da sinadarai dangin ƙwayar heroin masu kashe numfashi a cikinsa, ya kai ga Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024. Laud kuwa, wanda hukumar NDLEA ke yawan kamawa cikin kwantenoni a tashoshin Apapa da Tin Can, wiwi ne na gaske da aka yi wa aure-auren iri har THC ɗinsa ya yi yawa.

Bayan ka san sunan sinadarin, sai ka mayar da kason da aka rubuta zuwa miligiram, domin kaso cikin ɗari shi kaɗai yana yaudara. Giram ɗaya miligiram 1,000 ne. Ganyen da ke da kashi 4 cikin ɗari yana ɗauke da miligiram 40 na THC a kowane giram, mai kashi 20 kuma yana da miligiram 200, wato ninki biyar a awo iri ɗaya. Wiwin da hukumomin Amurka ke kamawa yana da kusan kashi 4 ne a 1995, ya kai kusan kashi 12 a 2014, tatattun mayuka da ƙaro kuwa sukan haura kashi 60. Idan ka ga an rubuta THCA, kada ka ɗauka wani abu ne marar maye, domin da zarar zafi ya taɓa shi sai ya koma THC. Lissafin shi ne ka ninka adadinsa da 0.877 ka tara da THC ɗin da aka rubuta.

Wannan lissafi yana tona asirin kalmar nan ta "ƙasa da kashi 0.3" da ake bugawa a fakiti. Alewa mai nauyin giram 4 za ta iya ɗaukar miligiram 12 na THC ba tare da ta haura kashi 0.3 ba, alhali Kanada, inda wiwi ya halatta tun watan Oktoban 2018, ta ƙayyade miligiram 10 ne ga fakitin abin ci gaba ɗayansa. Abin da aka ci kuma ya sha bamban da wanda aka zuƙa, domin hanta tana juya THC zuwa wani sinadari mai ratsa ƙwaƙwalwa sosai, kuma yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 2 kafin ya fara aiki. A wannan tsakanin ne mutum ke ganin bai ji komai ba ya ƙara. Yara ƙanana kuma ba sa bambanta irin wannan alewa ko biskit da na shago, kuma a wurinsu ƙwaya ɗaya na iya kai su gadon asibiti.

Ko rubutun jikin kwalbar ma ba abin dogaro ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya gwada kayan CBD 84 da aka saya ta intanet, ya tarar kusan kashi 69 cikin ɗari ba su dace da abin da aka rubuta a jikinsu ba, kuma an sami THC a cikin 18. Direban tirela ko ma'aikacin da za a yi wa gwajin fitsari ya lura da wannan da kyau, domin gwajin ragowar THC yake nema, ba ya tambayar niyyar wanda ya sha. Ƙarfin kuma yana da alaƙa da lafiyar ƙwaƙwalwa: wani babban bincike na 2019 da aka gudanar a biranen Turai da Brazil ya nuna cewa masu shan wiwi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan sau uku, idan kuma mai THC sama da kashi 10 ne, haɗarin ya kusa ninki biyar.

Sai maganar doka, kuma a nan ƙa'idar ita ce ka duba dokar ƙasar da ƙafarka take, ba ta ƙasar da aka buga fakitin ba. Iyakar kashi 0.3 tana cikin dokar noma ta Amurka ta 2018, wadda ta raba tsiron da ake nomawa don zare da mai daga wiwi mai bugarwa, kuma ta wannan ƙofar ce delta-8 ya cika kasuwarsu. Dokar Najeriya ba ta yi wannan rabewa ba. Dokar wiwi ta 1966 ta fassara shi da cewa duk wani tsiro na wannan dangi ne, ko wani sashe nasa, ko ƙaron da aka cire daga gare shi, tatacce ne ko ɗanye, ko duk wani haɗi da ke ɗauke da shi. Ma'ana, tsiron take kallo, ba sunan sinadarin ba. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989 kuma ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai shigowa da miyagun ƙwayoyi ko nomawa ko sayarwa ba da izini ba, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da su a hannu, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'ar. Shugaban hukumar tun watan Janairun 2021, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya mulki Jihar Legas daga 1996 zuwa 1999, ya sha bayyana adawarsa da halatta shan wiwi.

Wasu kan kafa hujja da cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta halatta wiwi a watan Disambar 2020. Abin da ya faru shi ne an cire shi daga jeri na huɗu na yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, wato jerin abubuwan da ake ganin ba su da amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25, amma an bar shi a jeri na ɗaya mai tsauraran sharuɗɗa, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa. Haka nan hukuncin kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 2018, da dokar Ghana ta noman tsiron mai ƙarancin THC da lasisi, da sassaucin da Jamus ta yi a 2024, duk sun tsaya a iyakokin ƙasashensu.

A aikace, mazaunin Legas ya fi shiga haɗari ta hanyar saƙo. Mai kai kaya a babur daga Obalende zuwa Lekki, da direban da ake ba ƙunshi a tashar mota ya kai Kano, da matafiyin da aka roƙa a filin jirgin Murtala Muhammed ya taimaka da 'yar jaka, duk su ne za a fara tambaya idan an buɗe kayan. Ka buɗe duk abin da aka ba ka a gaban mai shi, idan ya ƙi ka mayar masa da kayansa. Mai niyyar Hajji ko Umara ko fatauci a Dubai kada ya sa ko ɗigon man CBD a jakarsa, domin hukuncin ƙwaya a Saudiyya yana kai wa ga kisa idan an tabbatar da fatauci. Duk wani mai ko alewa ko man shafawa da aka ce magani ne, ka nemi lambar rajistar NAFDAC a jikinsa, ka kuma tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani kafin ka kai shi baki.

Idan kuma wani ya faɗi a gabanka bayan ya sha irin waɗannan abubuwa, ka kwantar da shi ta gefe ɗaya, kada ka ɗura masa manja ko madara domin zai iya shaƙewa, ka garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da ragowar abin da ya sha, ka gaya wa likita gaskiya. Wanda shaye-shaye ya riga ya kama, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen kula da masu wannan larura, NDLEA ma tana da layin waya na kyauta domin neman shawara.

Shi dattijon nan na Oko-Oba, da muka juya kwalbarsa muka tarar babu lambar NAFDAC, kuma a ƙasan rubutun an nuna akwai THC kaɗan a ciki. Na tambaye shi magungunan da yake sha, sai ga shi yana kan maganin tsinka jini tun bara. Na rubuta masa takarda zuwa ga likitan ƙashi, na kuma roƙe shi ya kira ɗansa a daren nan ya hana shi sake aiko da wata.