Hayar mota a ƙasar waje: inda ƙwararrun direbobi suke tuntuɓe

Yawancin waɗanda suke shiga matsala bayan sun karɓi hayar mota a ƙasar waje ba 'yan koyo ba ne. Mutane ne da suka shekara goma ko ashirin a kan sitiyari, hannu ya saba, ƙafa ta saba. To, wannan sabon ne yake kai su ya baro.

Mafi haɗari shi ne hannun da ake bi. A Ingila, Japan, Indiya, Kenya, Afirka ta Kudu da Ostareliya hagu ake bi. Wanda ya saba da dama yakan yi kaffa-kaffa a ranar farko, don haka ba a nan ɓarnar take ba. Sai rana ta biyu ko ta uku, lokacin da zuciya ta kwanta. Ni ma a rana ta uku abin ya same ni. Da sassafe na fito daga gidan mai, titi fayau babu motar da zan bi bayanta, hannuna ya kai ni dama ban sani ba. Ƙanina da ke gefe ya dafa ni da ƙarfi: "Yaya, hagu! Hagu!" Ina komawa, wata babbar mota ta ɓullo daga kwana. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Maganin da na riƙe tun ranar ɗaya ne: duk inda kake, kujerar direba ita ce ke kusa da layin tsakiyar titi. Ka ga kanka a jikin bakin hanya, to ka san kana hannun da ba naka ba. A shataletale kuma, a ƙasashen hagu, ta hagu ake shiga, a bai wa na dama hanya.

Sai takardu. Mutane suna ɗauka lasisin ƙasa da ƙasa lasisi ne mai zaman kansa. A'a, fassarar naka ne, ba ya aiki sai tare da na asali, kuma a ƙasarku ake yin sa kafin tafiya. Iri-iri ne ma: akwai na yarjejeniyar Janiba ta 1949 mai shekara ɗaya, akwai na Biyana ta 1968. Japan na 1949 take karɓa. Ka tambayi kamfanin a rubuce tun kafin ka biya. Haka katin banki: sunan direba suke so a jiki, kuma za su riƙe kuɗin jingina har ka dawo da motar. Duk wanda zai taɓa sitiyari a sa sunansa a takarda, ko da tuƙin awa ɗaya ne, domin idan tsautsayi ya faɗa a hannun wanda ba a rubuta ba, inshora za ta zame.

Wajen karɓar makulli gajiya ce take cin mutane. An sauka daga jirgi, yara na kuka, sai a sa hannu a wuce. Don Allah ka ba motar minti goma. Zagaya ta da waya kana ɗaukar bidiyo: ƙwarzane, lotsawa, gilashi, tayoyi, rufi, allurar mai da lambar tafiya. Abin da ka gani a rubuta shi kafin ka motsa. Ka kuma tambayi nawa ne zai fito daga aljihunka idan an yi ɓarna, don inshorar da ke cikin farashi ba ta ɗauke komai ba. Sau da yawa taya, gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki.

A gidan mai kada ka dogara da launin famfo. A Ingila kore fetur ne, baƙi dizal, amma a Amurka kore yawanci dizal ne. Suna ma yana ruɗarwa: gasolio a Italiya da gazole a Faransa duk dizal ne. Buɗe murfin tanki ka karanta. In ka riga ka zuba wanda ba shi ba, kada ka tayar da injin, kira kamfanin daga nan inda kake.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne zaton cewa tunda babu ɗan sanda, babu laifi. Kyamara ce take aiki, ita kuwa ba ta jin ban-haƙuri. A tsakiyar biranen Italiya irin su Rum da Fulorans akwai unguwannin da aka hana mota shiga sai mai izini, ana rubuta musu ZTL, da allo mai jan da'ira fari a ciki. Taswirar waya za ta iya cusa ka ciki, kuma kowace shiga tararta daban. Bayan watanni takarda ta iso, kamfanin ma ya cire nasa kuɗin na miƙa sunanka. Suwizalan da Ostiriya suna buƙatar shaidar biyan kuɗin babbar hanya, wanda ya shigo da mota daga maƙwabta shi zai saya da kansa. A Ingila da Amurka mil ne a allo, 70 ta kai kilomita 112. A Faransa allon sunan gari kaɗai yana nufin ka sauko 50, kuma 130 ta babbar hanya takan koma 110 idan ana ruwa. A can kuma, a mararrabar da babu alama, na damanka ne da hanya, ko da daga ɗan lungu ya fito.

Amurka tana da nata. A yawancin wurare ana juyawa dama a jan danja bayan an tsaya cak, amma a birnin Niyok haramun ne sai inda allo ya yarda. Motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa in ta tsaya tana walƙiya da jar wuta, ba a wuce ta, yara ne ke tsallakawa. Idan ɗan sanda ya tsayar da kai, ka zauna a mota, hannu biyu a kan sitiyari, kada ka laluba aljihu sai ya ce. Maganar miƙa wani abu kuwa kada ma ta zo maka a rai, a ko'ina.

In an yi karo, komai ƙanƙantarsa, ka ɗauki hoto, ka kira kamfanin, kada ka kai wa makaniki da kanka. Lambar gaggawa 112 ce a Tarayyar Turai, 911 a Amurka. Ranar mayarwa ka cika tanki kusa da wurin, ka riƙe rasit, ka tsaya har ma'aikaci ya duba motar a gabanka ya ba ka takardar cewa lafiya ta dawo.