Yadda ake kwaɗon zogale ba tare da an kashe amfaninsa ba

1. Ki tsinke ɗanyen zogale kofi 4, ki fidda itatuwan, ki wanke shi tas.

2. Sai ruwa ya tafasa za ki zuba, kuma ruwan ya rufe ganyen kawai. Minti 10 zuwa 15 ya isa ya yi laushi, ɗacin ya ragu. Kar ki jefa kanwa, duk da an saba. Tana nunar da ganye da wuri, amma tana lalata bitamin C da B1. In kika ga koren ya koma baƙi-baƙi, dahuwa ta wuce gona da iri.

3. Ki tsame, ki matse. Ruwan ki juye a miya, domin wani ɓangare na bitamin ya narke a ciki.

4. Ki dama dakakken ƙuli-ƙuli kofi 1 da ruwa kaɗan, gishiri, yaji, da man gyaɗa cokali 2. Man nan dole ne: sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo hanji ke tsotse shi sosai.

5. Tumatir 2 da albasa 1 ɗanyu za su shiga, bayan ganyen ya huce. Ki matsa lemun tsami, bitamin C ɗinsa na taimaka wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai gina jini. Shayi kuwa yana tauye ɗaukarsa, a jinkirta shi awa guda bayan ci.