Yadda ake gano matsalar kaftar ABS a gyara ta kafin a kai ga sayen sabuwa

In ka murɗa makulli, fitilar ABS mai ruwan ɗorawa takan kama a tablo kamar daƙiƙa 3 sannan ta mutu. ABS ita ce ke hana ƙafafun mota ƙagewa in an taka birki da ƙarfi. Wannan kamawar lafiya ce, kwamfutar birki ce ke duba kanta. In ta ƙi mutuwa, ko ta dawo bayan an fara tafiya, to ABS ta janye hannunta. Birki zai ci gaba da kamawa, amma ranar da ka taka shi da ƙarfi a kan kwalta ƙafafun za su ƙage, motar ta ja, sitiyari ya daina jin magana. Idan kuwa jar fitilar birki ta kama tare da ita, kada a hau hanya sai an duba man birki.

Abin da ya fi jawo wannan fitila shi ne ƴar na'urar da kanikawan Damagaram ke kira kafta, a Kano kuma sensa. A yawancin motoci kowace ƙafa tana da tata, tana fuskantar wani zobe da ke juyawa tare da ƙafar, tana ƙirga masa juyi tana aika wa kwamfuta. Sau da yawa kaftar kanta lafiyarta lau: datti ne, ko waya, ko rulma, wato boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa. Shi ya sa awo ke gaba da saye.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Auna batir. Mota a kashe ya ba da wajen bolt 12.6, tana aiki kuma 13.5 zuwa 14.5. Raunin batir kaɗai yana kunna fitilar. Duba fizibil na ABS. Sannan dubi tayoyin huɗu: taya ɗaya mai girma dabam tana juyawa da saurin da bai yi daidai da na sauran ba, kwamfuta ta ɗauka kafta ce ke ƙarya. Masu sayen taya ɗaiɗai su kula da wannan.

Gano ƙafar da ke da laifi

Ana jona na'urar bincike, wadda ake ce wa balis, a mahaɗa mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ƙananan na'urori masu arha inji kawai suke karantawa, sai a tabbatar wannan tana shiga ABS. A Toyota, C0200 ƙafar gaba ta dama ce, C0205 gaba ta hagu, C0210 baya ta dama, C0215 baya ta hagu. Wasu kamfanonin suna amfani da C0035, C0040, C0045 da C0050. Lambar tana nuna ƙafa ne kurum, ba ta ce kaftar ta mutu ba.

Abin da ya fi lambar amfani shi ne kallon saurin ƙafafun a allon na'urar: mutum ɗaya na tuƙi a kilomita 20 zuwa 30 a awa, ɗayan na kallo. Uku suna cewa 25, ɗaya tana cewa 0 ko tana tsalle, ka kama ta.

A Toyota da yawa na da, in babu balis, ana haɗa rami na 4 da na 13 da guntuwar waya, a buɗe kontak, a ƙirga ƙiftawar fitilar: 31 (ƙiftawa 3, ɗan tsayawa, sannan 1) gaba dama, 32 gaba hagu, 33 baya dama, 34 baya hagu. A ƙirga ramukan da kyau, domin na 16 wutar batir ce kai tsaye.

Cire ƙafar ka duba da ido

Tsayar da motar a wuri mai tauri, ba kan rairayi ba, ka sa waigi, ka ɗaga da jak, ka tokare ta da abin da ba zai goce ba. Kafin ka kwance tayar, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, rulma ta ci, zoben yana nesanta da kaftar yana dawowa, kuma ko ka sa sabuwar kafta fitilar za ta dawo.

Yanzu bi wayar da hannu tun daga kaftar har fish ɗinta, wato inda ake jona ta da wayar mota. A nan aka fi samun ɓarnar a motocin da ke bin hanyoyin ƙauye da na jar ƙasa wajen Tanut, Magarya ko Gure. Girgiza tana karya maƙalan roba, wayar ta sauko tana gogar taya ko kardan. Zafin watan Afrilu da Mayu yana busar da rigarta ta tsattsage. Ƙaya da kututture su ma suna fizge ta. Wani lokaci rigar tana nan sumul amma tagullar ciki ta yanke daidai inda take lanƙwasa in an murɗa sitiyari, shi ya sa fitilar ke zuwa tana tafiya. Zare fish ɗin ka leƙa: kore-kore ko laka a ciki alamar ruwan damina ne ko na wankin mota.

Kaftar noti ɗaya ke riƙe ta, galibi na kile lamba 10. Kwance shi, ka fesa man sassauta tsatsa, ka riƙa murɗa ta dama da hagu har ta fito. Kada ka ɓamɓare ta da sukuddireba, roba ce, za ta karye a cikin ramin aiki ya koma na yini guda. Kafta iri biyu ce, ta da da sabuwa. Kan irin ta da maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfen birki ya cakuɗe da ƙurar hunturu da maiko. Goge shi da ƙyalle mai tsabta. Haska ramin da tocila kana juya ƙafar a hankali, ka duba zoben: haƙoransa, sau da yawa 44 ko 48, kada a sami karyayye, ko tsagewa, ko busasshiyar laka a tsakaninsu. Kankare tsatsar mazaunin kaftar ma, domin tana ɗaga ta sama, alhali tazarar da ake so ba ta wuce wajen milimita 1 ba. Alamar wannan matsala sananniya ce: kana gab da tsayawa, a hankali, sai feda ta yi ta rawa ƙarƙashin ƙafarka ba dalili.

Awo da mita

A nan ake kuskuren da ke kashe kafta mai lafiya, domin iri biyu ne kuma ba a auna su da hanya ɗaya.

Irin ta da, mai naɗin waya da maganaɗisu, ita ke samar da wutarta. Zare fish, ka sa mitar awon wuta kan om, wato ma'aunin juriyar waya ga wuta, ka auna tsakanin ƙarafa biyun da ke cikin fish ɗin kaftar. Yawanci tana faɗawa tsakanin 800 da 2000. Ba sai ka haddace ba, auna ta ɗaya gefen ka kwatanta. In mita ba ta nuna komai ba ta yanke, in ta nuna kusan 0 ta haɗe. Riƙa lanƙwasa wayar kana kallon mitar. Sannan mayar da mita kan AC, ka juya ƙafar kamar sau ɗaya a daƙiƙa: ya kamata ka ga aƙalla milibolt 100 zuwa 200, yana ƙaruwa da sauri.

Sabuwar irin, wadda ke cikin yawancin motocin zamani, kwamfuta ce ke ba ta wuta, ita kuma tana amsawa da miliamfiya 7 da 14 bi da bi. Awon om ba ya faɗin gaskiya a kanta, yana iya lalata ta ma. Buɗe kontak ka auna ko wuta na isowa fish daga ɓangaren mota. In babu, laifin yana waya ko kwamfuta. In akwai, zoben kuma lafiya, sauri bai fito a balis ba, kaftar ce.

Zoben wannan irin sau da yawa ba haƙora gare shi ba, maganaɗisu ne a jikin murfin rulma, gefe ɗaya kawai. In fitilar ta kama ranar da aka canza rulma, kusan tabbas an sa ta a juye, ko an sa wadda ba ta ABS ba. Kafin a danna sabuwa a gwada da ƴar allura: gefen da ta manne shi ke fuskantar kafta. Kada a buga wannan gefen da guduma.

Gyara da mayarwa

Wayar da ta yanke ana iya haɗa ta, amma da dalma da robar da ke tsukewa da zafi. Murɗawa da naɗe salatif ba ya kai damina ɗaya. In saye ya zama dole, tafi da tsohuwar a hannu ko lambar shasi, ko a nan Damagaram ne ko aike za a yi Ƙofar Ruwa a Kano, domin ta dama da ta hagu sukan bambanta, ta gaba da ta baya ma haka. Ta kwance ta asali da aka auna ta fi sabuwar da ba a san maƙerinta ba. A wasu motocin kaftar baya a jikin cibiyar ƙafar take, tare ake canza su.

Zaunar da ita sosai, ka ɗaure notin da sauƙi, wajen Nm 8 a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya isa. Mayar da wayar cikin dukkan maƙalanta, ka murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ba ta miƙewa ba ta taɓa komai. Goge lambar da balis. A Toyota na da, guntuwar wayar nan ta rami na 4 da na 13 tana haɗe, kontak a buɗe, taka birki sau 8 cikin daƙiƙa 5.

Akwai masu cire ƙwan fitilar ko su rufe ta, suna cewa ABS ba ta da amfani a rairayi. Gaskiya ne a rairayi da tsakuwa takan ƙara nisan tsayawa. Amma a kwaltar Mirriya ko ta Matamaye, inda dabba ko ɗan kabu-kabu ke iya faɗo maka ba zato, ita ce ke ba ka damar taka birki kana kaucewa. Mai sayen motar hannu ya duba: in fitilar ba ta kama ko kaɗan lokacin buɗe kontak ba, an taɓa ta.

Gwajin ƙarshe a fili ake yi, inda babu mutane. Kai motar kilomita 30 zuwa 40 a awa, ka taka birki da ƙarfi a kan tsakuwa. Feda ta yi rawa, ka ji gurnanin famfon ABS, fitila ba ta kama ba, aiki ya yi. In ta dawo da lambar ƙafar nan dai, a bi wayar daga fish har kwamfuta ana auna ta ɗaya bayan ɗaya.